Salansar ƙanena da garantin motarsa, yadda aka kwashe a Houston

Ƙanena aikin gyaran AC yake yi a nan Houston, na gidaje da shaguna, kuma duk wanda ya san garin nan ya san irin zafi da gumin da ake sha, mai gyaran AC baya zama. Shekaru yana fama da wata tsohuwar mota yau lafiya gobe gareji, da Allah ya buɗa masa sai ya ɗauko sabuwar a-kori-kura dal, irin manyan nan na Amurka mai injin fetur silinda 8, biyan wata-wata, da ita yake jan ƙaramar tirelarsa ta kayan aiki. Garantin da tazo dashi irin wanda yawancin kamfanoni ke bayarwa ne a nan, shekara 3 ko mil 36,000 a kan kusan komai na jikin motar, sai kuma shekara 5 ko mil 60,000 a kan inji da giya da abinda ke juya tayoyi, duk wanda ya riga cika a cikin shekarun ko tafiyar toh shikenan. Mil 36,000 kusan kilomita 58,000 kenan.

Bata yi wata uku a hannunsa ba yace shi ƙarar motar bata masa ba, tayi shiru da yawa, silinda 8 amma kamar keken ɗinki, yana so in ya tada ita a ji. Ni dai ban ga abinda ƙara zata ƙara masa ba, amma kuɗinsa ne kuma motarsa ce, abu ɗaya kawai na roƙe shi, nace don Allah in an cire tsohuwar salansar kar ka bar musu ita, ka ɗauko abarka ka ajiye, kuma rasit ɗin komai ka adana.

Bari in ɗan tsaya a kan yadda salansa take don duk rigimar a nan take. Hayaƙi in ya fito daga inji yana bi ta manifol, wato bututun da ke jikin inji mai tattara hayaƙin silindoji, sai ya wuce sensa ta farko mai auna iskar oksijin, sai ya shiga katalis, wato abin nan da kanikawan gida suke kira indomi saboda cikinsa kamar saƙar zuma yake, shi ke ƙone gubar hayaƙin da taimakon ƙarafa masu tsada irinsu filatinam da faladiyam da rodiyam, shi yasa ɓarayi ke yanke shi. Bayan katalis akwai sensa ta biyu, aikinta ta gaya wa kwamfutar motar ko katalis ɗin yana aiki ko baya yi. Daga nan sai dogon bututu, sai tukunyar salansa mai kashe ƙara, sai bakin da hayaƙi ke fita. Toh duk abinda yake bayan sensa ta biyun nan kwamfuta bata ganinsa, bata san dashi ba. Abinda ƙanena ya saya shine wanda ake kira kat-bak, ma'ana daga bayan katalis zuwa ƙarshe, bututu mai ɗan faɗi da tukunya mai barin ƙara, bai taɓa katalis ba bai taɓa sensa ba.

Da a nan ya tsaya da labarin yayi gajarta. Kit ɗin, wato haɗin kayan da ya saya a kwali, an yi shi ne a ɗaura da noti kawai, ya bi hanyar da tsohuwar ta bi ya fito ta gefe bayan tayar baya, amma shi yaga na wani abokinsa mai baki biyu suna fitowa ta ƙarƙashin bamba, sai ya kai wa wani mai walda aka yanke bututun aka lanƙwasa aka raba shi biyu. Ni ban san anyi haka ba sai da naga motar.

Motar na da mil dubu sha tara da ɗan wani abu ya fara ganin ɗigon ruwa mai kala a inda yake fakin da safe, ta wajen gaba, ga wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi in inji yayi zafi, ruwan lagireto yana raguwa a hankali. Ya kai wajen dila. Tun kafin mutumin da ke karɓar motoci a kanta ya ga motar ya riga ya ji ta, tana shigowa rumfar nan ƙarar ta cika wajen. Ya zagaya ya leƙa ƙasa, yace masa an yi wa motar nan canji, don haka akwai matsala a batun garanti, zai biya kuɗin bincike kuma mai yiwuwa gyaran ma daga aljihunsa. Ya kira ni muryarsa duk ta canza.

"Yaya, wai sun ce garantina ya tashi."

"Wa ya ce maka?"

"Mutumin kanta. Wai saboda salansa."

"A rubuce ya baka?"

"A'a, da baki ya faɗa."

Nace kar ka sa hannu a komai, kar kuma ka yi faɗa da kowa, gani nan zuwa.

Abinda yasa ban tsorata ba shine akwai doka a kan wannan tun 1975, ana ce mata Magnuson-Moss, sunan mutum biyun da suka kawo ta ne, Sanata Warren Magnuson na jihar Washington da ɗan majalisar wakilai John Moss na Kalifoniya, shugaba Gerald Ford ne ya sa mata hannu. A cikinta an hana kamfani ya ɗaure garantinsa da sharaɗin cewa sai ka yi amfani da kayan gyara mai sunansa ko sai a garejinsa za ka yi sabis, sai dai in kyauta zai baka kayan ko aikin. Hukumar kasuwanci ta tarayya, FTC, wadda ke kula da dokar, ta sha bayyana cewa don kawai ka saka kayan wani kamfani a motarka garanti baya faɗuwa, in dila ko kamfani zasu ƙi gyara toh sai sun nuna cewa kayan da ka saka ko yadda aka saka shi ne ya jawo lalacewar. Kuma ko sun nuna, wannan gyaran kaɗai zasu ƙi, sauran motar tana nan cikin garantinta. Ba magana ce ta takarda kawai ba, a 2015 hukumar ta kama BMW a kan motocinsu na MINI saboda irin wannan sharaɗin, a 2022 kuma ta tilasta wa Harley-Davidson masu babura suka gyara rubutun garantinsu.

Mutane da yawa har a nan Amurka sun ɗauka garanti kamar kwan fitila ne, ko yana ci ko ya mutu. Ba haka yake ba, kowane gyara da kansa ake duba shi. Wuraren da garanti ke mutuwa ɗungurungum kaɗan ne, kamar a ce mota tayi hatsari inshora ta rubuta ta a matsayin wadda ta tashi daga aiki, ko an murɗa mitar tafiya, kuma irin waɗancan na farkon ne da yawa ake saye a gwanjo a loda su jirgi zuwa Kwatano da Legas, shi yasa mu da muka taso da tokumbo bamu saba da maganar garanti ba sam, in mota ta lalace bakanike kawai muka sani.

Da na isa na tarar an gano matsalar, famfon ruwa na inji ne yake yoyo. Na roƙi a kira mana manajan sashen gyara, da ya fito na gaishe shi da mutunci, nace masa abu biyu muke so, na farko in za a ƙi gyaran a rubuta mana a takardar aiki cewa an ƙi da kuma dalili, na biyu a bayyana mana yadda bututun da ke can ƙarƙashin bodi bayan katalis ya sa famfon da ke gaban inji yoyo. Ban ɗaga murya ba, ban ambaci lauya ba, sunan dokar ma sau ɗaya na faɗa. Mutumin ya ɗan yi shiru, ya shiga ciki ya yi magana da bakaniken, ya dawo yace za a yi a garanti. Kwana biyu aka kira shi ya ɗauki motarsa, ko dala ɗaya bai biya ba.

Ni ban ɗauki mutumin kantan nan a matsayin macuci ba, kuma na gaya wa ƙanena haka. Dila a nan ba shine kamfanin motar ba, ɗan kasuwa ne mai zaman kansa da yake da izinin sayarwa, in yayi gyaran garanti kamfani ne ke biyansa daga baya, kuma kamfani na iya bin diddigi, in suka ga an yi gyara a motar da bai kamata ba sai su karɓe kuɗinsu, asarar ta faɗa kan dila. Ga shi kuma aikin da kwastoma ya biya da kansa yawanci ya fi kawo musu riba. Toh in mota ta shigo tana ruri, abu mafi sauƙi ga wanda ke kanta shine ya fara cewa a'a, mutum goma in aka gaya musu haka da yawansu zasu ciro kati su biya don basu sani ba. Abinda ke min ciwo kenan, hakkin yana nan amma sai wanda ya san dashi yake samu, kuma 'yan uwanmu baƙi da turancinsu bai gama zama ba ko suke jin nauyin yin gardama da bature a ofis su suka fi faɗawa.

Daga ranar sai ƙanena ya ɗauka ya samu laƙani. Duk wanda ya tambaye shi sai yace ai salansa bata taɓa garanti, doka ce. Na gaya masa ba haka na faɗa ba.

Bayan wasu watanni, cikin tsakiyar zafi, fitilun tirelarsa suka fara wasa, yau sigina ta kama gobe ta ƙi, sai fis ya fara ƙonewa, ya canza ya sake ƙonewa, daga baya na'urar da ke ƙara in kana ribas ka kusa bugun abu ita ma ta ɗauke. Wata rana wani direba ya tsayar dashi a danja yace masa fitilar birkin tirelarka bata kamawa, a kan manyan titunan Houston kuwa wannan ba ƙaramin haɗari bane. Ya koma wajen dilan da ƙwarin gwiwarsa, a wannan karon ma na bi shi.

Bakaniken bai yi dogon bayani ba, ya ɗaga motar sama ya kira mu ya haska tocila. Na gani da idona. Bututun hagu da mai walda ya ƙirƙiro ya bi ta gefen tayar sifiya ya matso jikin damin wayoyin da ke tafiya zuwa bamba, tsakaninsu ko yatsa biyu baza su shiga ba, robar da ta naɗe wayoyin ta narke ta zama kamar ƙullin kwalta, ta wani wajen har jan ƙarfen waya ya fito yayi baƙi, waya uku sun manne da juna, gefen tayar sifiyar ma yayi ƙyalli ya taurare saboda zafi. Ya nuna mana inda asalin bututun kamfani yake bi, can ɗaya gefen, da farantin kare zafi da aka saka masa tun daga masana'anta. Wannan gefen babu faranti don ba a taɓa nufin wuta ta bi ta nan ba. Ya ɗauki hoto, manaja ya rubuta a takarda cewa an ƙi gyaran saboda zafin salansar da aka canza ne ya narkar da wayoyin.

Ƙanena ya ja ni gefe ransa a ɓace.

"Yaya, ka faɗa musu dokar nan mana."

Nace dokar ce suka bi yanzu. An ce su nuna sababi, gashi sun nuna, ni da kai mun gani.

"Toh in ɗauki lauya?"

Nace ka ɗauka ka ce masa me? Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Gaskiya ne dokar ta ba mutum dama ya kai ƙara, in yayi nasara ma kotu na iya sa kamfani ya biya kuɗin lauyansa, kuma kamfanoni da yawa suna da tsarin sulhu da ake bi kafin kotu, yana rubuce a bayan ɗan littafin garanti da ke cikin aljihun dashbod wanda kusan babu mai buɗewa. Amma wannan duk na wanda aka zalunta ne. Shi ba a zalunce shi ba. Ya biya kuɗin bincike, ya biya damin wayoyi da aikin saka shi, ya sayi sabuwar tayar sifiya. Ya koma wajen mai waldan, mutumin ya yarda ya matsar da bututun ya saka faranti kyauta amma yace kuɗin waya ba ruwansa. Kamfanin da ya ƙera salansar ma da ya tuntuɓe su suka ce garantinsu na kit ne yadda ya fito daga kwali, tunda an yanka an yi walda sun fita. Mutum uku kowa ya zame, shi kaɗai ya rage da takardar biya. Abin lura dai shine a wannan ziyarar ma akwai maɓallin gilashin ƙofa da yake maƙalewa, a rana ɗaya a takarda ɗaya aka canza shi a garanti ba tare da wata magana ba.

Na ɗauka ya huce, ashe da sauran rina a kaba. Abokan nasa suka zuga shi cewa kat-bak ƙara ce kawai, in ƙarfi yake so sai ya cire manifol ya saka dogayen bututun nan da ake kira hedas, sannan a yi wa kwamfutar motar tunin. Har ya yi oda kwali ya iso. A nan ne na zaunar dashi da gaske, don wannan ba irin na baya bane ko kaɗan.

Dogayen hedas suna cin wajen da katalis yake, dole a matsar dashi ko a canza shi da wani ko a cire shi gaba ɗaya, sensa ma ta bar mazauninta. Da zarar sensa ta biyu ta ga hayaƙin bai tsabtatu ba sai wutar cek injin ta kama, in aka saka na'ura zaka ga P0420 ko P0430, ma'ana katalis baya aiki yadda ya kamata. Masu tunin sai su shiga kwamfutar su rufe bakin wannan ƙorafin, su ƙara canza yawan mai da lokacin tartsatsin fulogi don ƙarfi ya ƙaru. Toh daga nan ka shiga cikin inji kenan, in fistin ya ƙone ko giya ta fara zamewa kamfani baya shan wahalar nuna sababi, kuma kar wani ya ruɗe ka da cewa za a mayar da asalin manhajar kafin a kai gareji, motocin yanzu da yawa suna ajiye alamar an taɓa su. Inji guda na irin motar nan kuɗinsa ya ninka na wayoyin da ya biya sau da yawa, ga bashin motar bai gama biya ba.

Sannan akwai wani garantin da bai ma san yana dashi ba. Dokar tarayya ta tilasta wa kamfanoni su tsaya wa katalis da kwamfutar inji na ƙananan motoci da a-kori-kura irin tasa har shekara 8 ko mil 80,000, ya fi duk sauran tsawo, kuma katalis na cikin abubuwa mafi tsada a ƙarƙashin mota. Ranar da ka yanke shi da hannunka ka yafe wannan. Bayan haka cire shi laifi ne a dokar tsabtar iska ta Amurka, ko a jihar da ba a duba hayaƙi. Texas ta daina duba lafiyar motocin gida na shekara-shekara daga farkon 2025, amma gwajin hayaƙi yana nan a manyan ƙananan hukumomi ciki har da Harris inda Houston take, motar fetur in ta kai shekara 2 sai ta ci gwajin kafin a sabunta mata rajista, kuma wutar cek injin in tana kunne ta faɗi.

Na bashi labarin Harley-Davidson ɗin nan don shi ya fi nuna inda layin yake. Kamfanin da FTC ta hana shi cewa kayan wani na kashe garanti a 2022, shi ɗin ne dai a 2016 hukumar kare muhalli EPA ta ci shi tarar dala miliyan 12 saboda sayar da na'urorin tunin masu ƙara hayaƙi, kuma cikin sharuɗɗan sulhun har da cewa su ƙi garantin baburan da aka yi wa tunin da na'urar da bata da izini. Gwamnati ɗaya ce, ta ce kar ka hana mutum saka kayan da yake so, ta kuma ce in ya taɓa abinda ya shafi hayaƙi kar ka rufa masa. Masu a-kori-kura na dizal su suka fi shiga wannan, a 2020 EPA ta ƙiyasta cewa sama da 550,000 aka cire wa na'urorin tace hayaƙi cikin kimanin shekara goma, wajen kashi 15 cikin ɗari na irinsu. Ni abin har zuciyata yake taɓawa, don na san yadda ake yi a gida, bakanike ya fasa indomi ya sayar ya ce maka mota zata fi gudu, mu kuma mu bi bayanta a cunkoso muna shaƙa da yaranmu a bayan babur.

Nace masa in dai ƙarfi kake so da gaske akwai hanya, manyan kamfanonin suna da sashen kayan ƙarin ƙarfi na kansu, irinsu Ford Performance da Mopar da TRD na Toyota, ka tambayi dila wanne ne in su suka saka baya taɓa garanti, su rubuta maka. In na waje ne ka nemi mai lambar amincewa ta hukumar iska ta Kalifoniya, CARB, wannan na nuna bai ɓata tsarin hayaƙi ba, duk da shi ma in ya jawo ɓarna kai zaka biya. Wani abokinmu da ya sayi sabuwar Hilux a Abuja ya tambaye ni ko shi ma haka abin yake, nace masa Magnuson-Moss dokar Amurka ce bata tsallaka teku, shi abinda ke rubuce a littafin garantinsa shi zai karanta kafin ya bari a kusanci motar da abin walda.

Ƙanena yayi kwana biyu baya ɗaga wayata. A na uku ya turo min hoton rasit, ya mayar da hedas ɗin, sun cire wani kaso na kuɗin mayarwa sun bashi sauran. Yanzu motar ta haura mil dubu talatin, kat-bak ɗin na nan a jiki da farantinsa, wutar cek injin bata taɓa kamawa ba, ta ci gwajin hayaƙinta na farko. Tsohuwar salansar kuma tana rataye a bangon garejin gidansa, yace in zai sayar da motar zai mayar da ita.